Barka da Babbar Sallah daga Ingila, da maganar 'yan mazan jiyanmu

Assalamu alaikum Baba,

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fatan kun sauko daga Fakon Idi lafiya, Inna da su Yaya da yara kowa ƙalau. Mu nan a wani zauren haya muka yi Idi, ana sallamewa kowa ya nufi wurin aikinsa.

Baba, akwai maganar da ta daɗe tana cina, na ga gara in faɗe ta yau da dangi suke gida. A tsakiyar ɗan garin da nake zaune, wanda bai kai Bodinga girma ba, an kafa wani dogon dutse, an sassaƙa sunayen 'ya'yan garin da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918 da na 1939 zuwa 1945. Duk 11 ga Nuwamba, ƙarfe 11 na safe, sai a tsaya cik, a yi tsit na minti biyu. Da idona na ga wata tsohuwa mai dogara sanda ta duƙa tana goge gansakuka daga kan wani suna da hankicinta. Cikin sunayen har da waɗanda suka faɗi a ƙasar Bama (Burma), can nahiyar Asiya.

Bama fa, Baba, inda Kaka ya je! Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma cike suke da 'yan Arewa. Su suka ratsa kwarin Kaladan da dazukan Arakan, kaya a ka, har aka ƙwace garin Myohaung daga hannun sojan Japan a Janairun 1945. Kaka ya dawo da lambarsa ta tauraron Bama, wadda kuke ajiye da ita a naɗe cikin tsumma a ƙasan akwatin ƙarfe. To abokan tafiyarsa da ƙasa ta rufe a can, wa zai iya kawo sunan ko mutum biyu a unguwarmu?

Na san ana taro duk 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, manya su ajiye furanni a watse. Sunan Giginya ma yana kan bariki da filin wasa a Sakkwato, saboda mazajen da suka tsaya tare da Sarkin Musulmi Attahiru suka fuskanci Turawa a fagen Giginya a Maris na 1903. Amma ƙaramin soja, ɗan talaka, sunansa ba ya ko'ina a unguwarmu. Ga kuma samarinmu da ake rasawa yanzu a Borno da dazukan Isa da Sabon Birni, an bar matansu da marayu.

Ba gunki nake nufi ba, Allah ya kiyaye. So nake mu haƙa rijiyar burtsatse kusa da masallacin unguwa, sadaka mai gudana, a kafa allo a gefe da sunayensu, duk wanda ya ɗebi ruwa ya yi musu addu'a. Don Allah ku tuntuɓi liman da mai unguwa. Kawu kuma ya zaga gidajen tsofaffi da ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji, ya tattaro sunaye tun masu sani suna da rai. Nawa kason zai iso ƙarshen wata in Allah ya so.

Ragon layyata kuwa, a fara kai cinya gidan marayun sojan nan na bayan layinmu kafin a raba sauran.

A gaishe da Inna da kyau, a ba yara goron Sallah da sunana. Ina neman albarkarku.

Ɗanku,
daga Ingila