Saddam ba Umar Mukhtar ba ne, a daina haɗa su

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in amayar da abun da ke cina tun jiya. Ɗan yayata ne ya saka hoto a status, an haɗa Saddam Husaini da igiya a wuya gefe guda, ɗaya gefen kuma tsohon nan na fim ɗin Umar Mukhtar, wanda ya yaƙi mamayar Italiya a Libiya, wai duk tafiyarsu ɗaya. Na ce masa kai yaro ka ma kalli fim ɗin kuwa ko guntu-guntu kake gani a TikTok?

Mu dai a kaset muka kalle shi, gidan wani maƙwabcinmu mai bidiyo, a kan tabarma, yara sun fi talatin an cika tsakar gida har zaure. Wajen da aka rataye Umar Mukhtar tabaransa ya faɗi ƙasa ƙaramin yaro ya ɗauka, wallahi har matan gidan kuka suke. To ni ban musa ba akwai kama. Italiya ta shiga Libiya a 1911 da sunan wai ta kawo wayewa, Amurka da Birtaniya su kuma suka faɗa Iraƙi a watan Maris na 2003 da sunan makaman ƙare dangi, aka bincike ƙasar kaf ba a samu ba. Janar Graziani na Italiya ya tattara mutane a sansanoni ya ja waya mai ƙaya a iyakar Masar don a yanke wa mayaƙa abinci da makami, mu kuma a 2004 muka ga hotunan gidan yarin Abu Ghraib, tsirara ana jan mutum da igiya kamar kare. Wanda ya ga wannan ya tuna wancan bai yi laifi ba.

Amma daga nan hanya ta rabu fa. Umar Mukhtar malamin allo ne, ɗan ɗariƙar Sanusiyya, kusan shekara 20 yana kan doki a duwatsun Jabal Akhdar har aka kama shi aka rataye a Suluƙ a 1931 yana tsoho tukuf. Shi ko Saddam fa? Shekara takwas yana yaƙi da Iran, ya zuba wa Ƙurdawan ƙasarsa iskar guba a Halabja a 1988, ya mamaye Kuwait a 1990. Eh rataye shi da aka yi ranar babbar sallah a 2006 ya ƙona mana rai, ni ma ranar naman layya bai min daɗi ba, amma ɓacin rai ba ya mai da mutum waliyyi.

Kuma a fim akwai inda yaransa suka so kashe sojan Italiya da suka kama, tsohon ya hana ya sake shi. Wa ya yi haka a Bagadaza? Tun da Bremer, Ba'amurken da aka ɗora ya mulki Iraƙi bayan mamayar, ya rushe sojan Iraƙi aka watsa dubban mutane gida ba albashi ga bindiga a hannu, sai abun ya rikice, su Zarƙawi, jagoran Alƙa'ida a Iraƙi, suka samu ƙofa, bam a kasuwa bam a masallaci, aka tarwatsa hubbaren Samarra a 2006 Sunni da Shi'a suka koma yanka juna, a nan waye jarumin fim ɗin don Allah?

Abun da ya fi tsaya min a rai ma shi ne wanda ya shirya fim ɗin, Mustapha Akkad, mutumin Siriya. A watan Nuwamba 2005 yana wani otal a Amman, babban birnin Jodan, tare da 'yarsa 'yan ƙunar baƙin wake na ƙungiyar Zarƙawi suka tada bama-bamai a otal uku, har da wajen da ake biki, mutum kusan 60 suka mutu. 'Yar nan take ta rasu, shi kuma bayan kwana biyu ya bi ta. Da na gaya wa ɗan yayar tawa haka sai ya yi shiru, can ya ce kawu ai ban sani ba. Har yanzu dai bai cire hoton ba.

Naku,
Mai karatunku daga Fagge, Kano