Ɗaki na ba da haya, ba zango na buɗe ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in faɗi abin da mu masu gidan haya a Damagaram muke haɗiyewa don gudun a ce ba mu san darajar baƙo ba.

Ɗaki huɗu nake ba da haya a Garin Malam, gidan da maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bar mana, kuma da kuɗin nake riƙe marayu. Famfo ɗaya ne, masai ɗaya, takardar ruwa kuma bisa yawan ɗakuna ake raba ta. Bara na ba wani magidanci ɗaki, shi da matarsa da goyo. Ana gama girbi ƙannensa biyu suka zo cin rani daga wajen Mirya, sai ga ɗan yayar matar da ya samu gurbi a Jami'ar André Salifou. Ba wanda ya ce mini uffan. Takalman da na gani jere a ƙofar ɗakin da asuba ne suka ba ni labari.

Wanda bai zauna Zinder ba zai ce mene ne a ciki. Ruwan da muke sha daga nesa ake jawo shi, daga Arunguza da Ganaram, kuma a watan Afrilu da Mayu famfo yakan zo tsakar dare, wani lokaci ma ya ƙi zuwa. Ɗaki mai mutum shida ya tare bakin famfo da jarkoki, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai ta sayi na 'yan ga-ruwa, amma ƙarshen wata kasonsu ɗaya. Masai kuwa ya cika kafin lokacinsa, ga ƙasar garin nan dutse ce, haƙa sabon rami ba wasa ba ne. Duk a kaina yake ƙarewa.

Ban ce a kori baƙo ba. Mahaifiyar mutum ta zo jinya asibiti, ko 'yan suna su kwana biyu, wa zai yi magana? Amma wanda ya zo da tabarmarsa ya share wata biyar ya zama mazauni, kuma mai gidan haya yana da haƙƙin a nemi izninsa tukuna: ya yarda, ko ya ƙi, ko a daidaita ƙarin kuɗin haya da kason ruwa. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne ya cire ƙyaure ko ya watsa kayan mutane waje, kamar yadda wasunmu ke yi in rai ya ɓaci. Akwai mai unguwa, akwai alƙali.

Yawancinmu da baki muke ƙulla haya, shi ya sa in rigima ta taso kowa sai rantsuwa. Ina roƙon masu unguwa su riƙa sa a rubuta adadin waɗanda za su zauna tun ranar karɓar makulli. Ku kuma, Malam Edita, Nijar na da dokar haya tun 1996. Ku buga mana ita da Hausa.

Wata mai gidan haya,
Garin Malam, Damagaram