Ƙorafi kan tauraron Bama na jabu da kuka sayar mini

Zuwa ga Manajan kamfanin sayar da tsofaffin kayan soja da ke Ingila,

Bayan gaisuwa. Sau uku na aiko muku da saƙo ta imel, kun yi kunnen uwar shegu, shi ya sa na fito da maganar bainar jama'a.

Marigayi kakana yana cikin 'yan Arewa da Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama. A runduna ta 81 ya yi, wadda ta gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan a 1944. Lambobin yabonsa sun ƙone a gobara tun muna yara. Da na ga kun sa tauraron Bama, lambar yabon da Birtaniya ta ba sojojin da suka yi wannan yaƙi, a kasuwa tare da bajen kafaɗa na rundunar, baƙin gizo-gizo a kan ƙyalle rawaya, sai na ce bari in saya wa mahaifina, ya ga irin abin da ubansa ya rataya a ƙirji. Fam 140 na biya, ban da kuɗin aike. Kowa ya san abin da fam 140 yake nufi a naira yanzu.

Kun rubuta cewa gwamnatin Birtaniya ce ta buga sunan wani sojan Najeriya a bayan tauraron, kuma saboda sunan ne kuka ninka farashi. To, Birtaniya ba ta sa suna a taurarin Yaƙin Duniya na Biyu ba, haka ta raba su fayau. Ostareliya da Afirka ta Kudu da Indiya ne suka buga wa nasu sojojin suna. Wasu tsofaffin sojoji sun kai nasu wurin maƙera an zana musu, wannan gaskiya ne, amma ba haka kuka ce ba. Mai shekaru yana wannan sana'a ba zai ce bai san wannan ba.

Sunan ma ba shi ne babbar matsalar ba. Wani maƙerin azurfa a nan Zariya, da kallo ɗaya ya ce mini wannan zubi ne. Ya nuna mini ƙananan ramukan kumfa a jikin ƙarfen, da layin haɗi a gefe. Na ainihi bugawa ake yi da injin, haruffan GRI VI, alamar Sarki George na Shida, da kambun sarki su fito raɗau. Naku kuwa haruffan sun narke kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Bajen ma da aka haska shi da fitilar da ake gwada kuɗi, zaren sai ƙyalli yake, alamar zaren zamani, an dai jiƙa shi da wani abu ya yi kalar tsufa.

Takardar shaidar inganci da kuka haɗo, ku kuka rubuta, ku kuka sa hannu. Wa ya shaide ku?

Mahaifina ya riƙe tauraron nan ya yi hawaye, har ya kira jikoki ya ba su labarin dajin Bama. Har yau na kasa gaya masa.

Ina so ku mayar mini da kuɗina duka, har da na aike, cikin mako biyu. Kayanku suna nan, ku biya kuɗin mayar da su. Ku kuma sauke sauran bajojin gizo-gizo huɗu da na ga har yanzu kuna tallatawa, dukansu da tabo iri ɗaya a wuri ɗaya. In wa'adin ya cika, zan kai ƙara bankin da na biya ta hannunsa, tare da hotuna.

Naku,
Wani mai saye daga Zariya