Wasiƙa ga Iyaye: Hazon Teku da Hazon da Muka Sani

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ya ku iyayenmu da masu riƙon ɗalibanmu, muna gaishe ku tare da yi muku sannu da sanyi. Wasiƙar wannan wata daga sashen labarin ƙasa ta fito, kuma magana ɗaya ta ƙunsa, wato darasin da 'yan aji biyu na babbar sakandare suke kai yanzu, na yadda teku ke haifar da hazo farat ɗaya a gaɓarsa. Mun ga ya dace mu yi muku bayani da ɗan tsawo, domin akwai aikin gida da ba zai yiwu ba sai kun sa hannu.

A gwajin farkon zango mun tambayi ɗalibai abin da ke kawo hazo a gaɓar tekun Namibiya, sai mafi yawansu suka amsa da cewa ƙurar hamada ce. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Yaron da ya tashi a Gombe hazo ɗaya ya sani, wanda ke zuwa da hunturu, lokacin da iskar arewa maso gabas take kwaso ƙura, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, har rana ta koma fara fat, leɓe ya tsage, jiragen sama su kasa sauka. Wannan hazo busasshe ne. Na bakin teku kuwa ruwa ne zalla, girgije ne da ya sauko ya kwanta a ƙasa, yana jiƙa riga yana ɗiga daga rufin kwano. Da yake suna ɗaya muke kiransu a Hausa, dole sai malami ya fara raba su a zuciyar yaro kafin sauran bayani ya shiga.

Asalin maganar shi ne iska tana ɗauke da ruwa a matsayin tururin da ido ba ya gani, kuma yawan abin da take iya riƙewa ya danganta da zafinta. Idan zafin ya kai digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe tana iya riƙe kimanin giram 30 na tururi. A digiri 20 sai giram 17. A digiri 10 kuwa giram 9 da ɗoriya. Saboda haka idan iska mai ɗumi da danshi ta yi sanyi, sai abin da ya fi ƙarfinta ya koma ƙananan ɗigon ruwa masu shawagi. Kowa ya taɓa ganin haka a gidansa. Ku zuba ruwan ƙanƙara a kofin silba ranar da ake zafi da danshi, ba da jimawa ba bayan kofin zai yi gumi, alhali ba huji gare shi ba. Iskar da ta taɓa shi ce ta yi sanyi ta ajiye ruwanta. A aji mun ce wa ɗalibai su ɗauki tekun mai sanyi a matsayin wannan kofi, sai dai faɗinsa ya kai ɗaruruwan kilomita.

Akwai wuraren da ruwan teku ke gudu kamar kogi, yana ɗauko sanyi daga nesa. Ta gefen Namibiya akwai wanda ake kira Benguela, mai gangarowa daga kudu, sannan iskar da ke bin tsawon gaɓar tana ture ruwan da ke saman tekun zuwa nesa da gaɓa, na can ƙasan teku mai tsananin sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Iskar da ta ratso Atlantika cike da danshi, da zarar ta hau kan wannan ruwa sai ƙasanta ya yi sanyi, hazo ya haɗu. Teku yana ƙara taimakawa ta wata hanyar da ɗalibai suka ji daɗinta ƙwarai: idan igiyar ruwa ta fashe, feshinta yana bushewa ya bar ƙwayoyin gishiri a cikin iska, gishiri kuwa jan danshi yake yi, kamar yadda kowace uwargida ta san yakan jiƙe a kwano da damina. A kan waɗannan ƙwayoyi ɗigon hazo ke fara taruwa, wani lokaci tun kafin iskar ta gama cika da danshi.

Abin mamaki shi ne hamada ce a bayan wannan gaɓa. Garin Swakopmund da ke gaɓar Namibiya ba ya samun ruwan saman da ya kai milimita 25 a shekara, domin sanyin tekun yana hana iskar ƙasa tashi sama ta zama hadari, iska mai ɗumi kuma tana danne ta daga bisa kamar murfin tukunya. Hazon ne ya zama ruwan shan halittun wurin, har akwai wani buzuzu da ke hawa tudun yashi da sassafe ya sunkuyar da kai ya ɗaga baya, ɗigon ya gangaro masa zuwa baki. Haka abin yake a gaɓar Peru da Chile, gefen hamadar Atacama, inda ruwan teku mai sanyi da ake kira Humboldt ke wucewa. A can, da kuma dutsen Boutmezguida na kudancin Maroko, mutane sun kafa raga mai kama da gidan sauro tana tare hazo, ruwan ya gangara cikin bututu zuwa tanki.

Dalilin da ya sa yake rufe gari bagatatan shi ne ɓangaren da nake so ɗalibai su riƙe sosai. Sau da yawa hazon ya riga ya haɗu can cikin teku yana kwance. Ƙasa tana saurin ɗaukar zafi fiye da ruwa, don haka da rana ta ɗaga sai iskar da ke kan tudu ta yi zafi ta tashi sama, ta kan teku ta kwararo ta cike gurbinta, ta jawo hazon gaba ɗayansa kamar an ja labule. Mutum yana tsaye cikin rana tarwai, cikin 'yan mintoci sai ya kasa ganin wanda ke gabansa. Birnin San Francisco na Amurka ya shahara da wannan a lokacin zafinsu, inda hazo ke bi ta mashigin Golden Gate har ya haɗiye gadar da ke kansa. Kuma da yake zafin teku ba ya sauyawa sosai tsakanin dare da rana, hazon da ke kansa yana iya kwanaki bai watse ba. Masana yanayi suna kiran abu hazo irin wannan ne idan ido ya kasa hangen kilomita ɗaya, kuma matuƙa jirgin ruwa ba sa wasa da shi: a watan Yulin 1956 jirgin Italiya mai suna Andrea Doria ya yi karo da na Suwidin mai suna Stockholm cikin hazo kusa da tsibirin Nantucket na Amurka, mutum 51 suka rasu, alhali duka jiragen biyu suna da na'urar rada mai gano jirage daga nesa.

Wata ɗaliba ta tambaya me ya sa ba a jin labarin irin wannan a Legas. Amsar ita ce ruwan mashigin Gini, wanda Legas ke bakinsa, ɗumi gare shi mafi yawan shekara, ba shi da sanyin da zai tilasta wa iska ta sauke danshinta.

Da yake ba mu da teku, mun kai ɗaliban madatsar ruwa ta Dadin Kowa, muka isa jim kaɗan bayan sallar asuba. Farin tururi yana tashi daga kan ruwan kamar hayaƙi, kwale-kwalen masunta rabi a bayyane rabi a ɓoye, ciyawar bakin ruwa kuma ta jiƙa mana takalma. Kafin hantsi ya yi, babu ko alamarsa, amma dutsen Bima yana nan dishi-dishi cikin ƙurar hunturu. Ga hazo iri biyu a waje ɗaya. Mun dai ja hankalinsu cewa na kan dam ɗin akasin na Namibiya ne, domin a nan ruwan ne ya fi iskar ɗumi, tamkar kwanon koko da aka fito da shi tsakar gida da sanyin safiya. Irin wannan ma yana faruwa a teku a ƙasashe masu tsananin sanyi.

Roƙonmu gare ku shi ne, na tsawon mako biyu, ku bar kowane ɗalibi ya fita ƙofar gida da safe kafin ya taho makaranta, ya zaɓi abu ɗaya mai nisa, ko hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis, ya rubuta a littafinsa ko ya hango shi sarai, ko dishi-dishi, ko bai gan shi ba sam. Sannan ya shafa yatsa a kan kujerar babur ko gilashin mota, ya rubuta ko ƙura ya tarar ko danshi. Masu ciwon asma su sa takunkumi. Gwajin kofin silba ma a yi shi a gida, amma duk gwajin da ya shafi ruwan zafi kada yaro ya taɓa sai da babba a kusa.

Iyayen da fatauci ko tuƙi ko aiki ya taɓa kai su bakin teku, muna roƙon su ba yaran labarin abin da suka gani da idonsu. Kakanni kuma a tambaye su sunayen da suke kiran ire-iren hazo da raɓa da su, da Hausa ko Fulatanci ko Teranci ko Tangale ko Bolanci, a rubuto mana, domin muna so mu tara su a allon aji. Za a karɓi littattafan ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan makonni biyun, kuma makin aikin yana cikin sakamakon wannan zango.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya raya mana yaranmu.

Wassalam,
Shugaban sashen labarin ƙasa, a madadin hukumar makaranta.