Wasiƙa daga Jaipur kan tafiyarku Rajastan

Jaipur, Indiya

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da Hajiya da maiɗakinka da yara. Saƙonka ya iso, na kuma yi farin ciki ƙwarai da jin cewa kun tsayar da shawarar zuwa Rajastan idan likitocin Delhi sun gama duba idon Hajiya. Sai dai jerin garuruwan da ka rubuto mini, guda bakwai cikin kwana takwas, shi ya sa na zauna na rubuta maka wannan takarda, domin ba na so ku koma gida a galabaice bayan hutu kuka fito.

Rajastan ita ce jihar da ta fi kowace faɗi a Indiya, murabba'in kilomita 342,239, wato ta haura kashi ɗaya cikin uku na Najeriya, kuma hamadar Thar ta mamaye yammacinta har zuwa iyakar Pakistan. Daga Delhi zuwa nan Jaipur kusan kilomita 280 ne, daga nan zuwa Jaisalmer kuwa, inda rairayin da ƙaninka yake ɗokin gani yake, tafiyar ta haura kilomita 500. Ku shida ne, ƙarfinku ba ɗaya ba ne, abin da kowa yake so ma daban, saboda haka shawarata ita ce ku sauka a Jaipur, daga nan ku raba tafiyar gida biyu.

Ku zo tsakanin Oktoba da Maris. Kada ka ce mu mun saba da zafin bazara, domin a watan Mayun 2016 zafi ya kai digiri 51 a garin Phalodi na wannan jiha, kuma Hajiya ba za ta jure ko kusa da haka ba.

Jaipur za ta ishi Hajiya da maiɗakinka kwana uku ba tare da sun ƙosa ba. Sarki Jai Singh na Biyu ne ya kafa birnin a 1727, an kuma shafe tsohon garin da launin hoda a 1876 don tarbar Yariman Wales, har yau kuma da wannan launin aka san shi. Akwai ginin Hawa Mahal na 1799 mai tagogi 953, wanda aka yi domin matan fada su riƙa kallon titi ba tare da an gan su ba. Na tabbata Hajiya za ta fahimci hikimarsa kafin mai rakiya ya buɗe baki. Fadar Amber tana kan dutse, kilomita 11 daga gari, hawanta kuma da wuya, don haka ku ɗauki motar da ke kai mutane har sama. Maiɗakinka kuwa ka ware mata yini guda cur don kasuwa, saboda yadudduka masu bugun hannu da awarwaro. Idan Hajiya tana nan kan bakanta na zuwa Ajmer, tafiyar kamar awa uku ce. Can ne kabarin Shaihu Mu'inuddin Chishti yake, da masallacin farin dutse da Sarki Shah Jahan ya gina, amma lungunan ƙanana ne kuma cunkoso yana da yawa, sai ku je da sassafe, wani ya riƙe mata hannu.

Yara biyun nan babu abin da zai burge su kamar gandun dajin Ranthambore kusa da Sawai Madhopur, inda ake shiga da buɗaɗɗiyar mota a nemi damisar Indiya mai zane. Ka yanki tikiti tun da wuri ta intanet, ka kuma faɗa musu tun a gida cewa ganinta sai an dace, don kada ransu ya ɓaci idan barewa da ɗawisu kawai suka gani.

Kai da ƙaninka ne za ku nufi yamma a jirgin ƙasa, ni kuma in zauna da iyali. Ku yada zango a Jodhpur ku hau ganuwar Mehrangarh, wadda Rao Jodha ya fara a 1459, ku hango gidajen gari shuɗaye a ƙasa. Daga nan sai Jaisalmer, wadda aka gina ganuwarta a 1156, kuma har yanzu mutane suna zaune a cikinta da shagunansu da gidajensu. Tuddan rairayi na Sam suna kilomita 40 daga garin. Na kwana can a watan Janairu, ba kuma zan manta da daren ba. Da rana ta faɗi sai sanyi ya sauko lokaci guda, har yatsuna suka kasa riƙe kofin shayin madarar da mai raƙumin ya dafa mana a kan ƙirare, shi kuwa yana zaune a naɗe da rawani da bargo, yana ta ƙara itace a wuta. Ku tafi da rigunan sanyi masu kauri da safa. Ka kuma gargaɗi ƙaninka cewa raƙumi da ƙafafun baya yake fara miƙewa, ya riƙe sirdi da kyau, ya kwantar da jikinsa baya.

Udaipur da tafkinta na Pichola ku bar su sai wani zuwan, domin suna can kudu, nesa da hanyarku.

Abincin nan yana da yaji sosai, yawancinsa kuma babu nama. Naman halal ana samunsa a unguwannin Musulmi kamar Ramganj, kuma zan kai ku da kaina. Ruwan gora kawai za ku sha. Kada kowa ya baro gida ba tare da katin rigakafin shawara ba, domin ana neman sa a filin jirgi.

Ka aiko mini da ranar da likita ya ba Hajiya, in fara neman masauki mai ɗaki a ƙasa saboda gwiwarta. Ka gaishe ta da kyau, ka roƙar mini addu'arta, a kuma shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka amini