Wasiƙa zuwa ga Auta a Landan

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa, kowa a gida lafiya lau. Mamanka ta kunna mini saƙonka na murya. Na ji abokin karatunka ɗan Fotugal ya ci tuwo da miyar taushe a ɗakinka, ya ce sai ya rama, kai kuma kana ta kame-kame don tsoron abin da za a zubo maka a faranti. Ka je. Wanda ya sa hannu a kwanonka ba a ƙin nasa. Na taɓa taka wannan sawun lokacin da aka tura ni kwas can, tun ba a haife ka ba, don haka ka buɗe kunne.

Kada ka ce masa ku tafi Nando's, gidan cin gasasshiyar kazar nan. A Johannesburg aka buɗe shi a 1987, kuma kazar nan mai barkonon piri-piri ta Mozambik ta biyo, ƙasar da Fotugal ta mulka har 1975. Tana da daɗi, amma dariya zai yi maka. Ku hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layin Victoria, ku sauka a Vauxhall ko Stockwell, ku taka titin South Lambeth da ke tsakaninsu. Tun shekarun 1960 da 1970 mutanen Fotugal da na tsibirin Madeira suka fara tarewa a wurin, har ake kiran unguwar Ƙaramar Fotugal. Kada kyan ƙofa ya ja ka. Leƙa ciki: in ka ga dattawa sun zuba wa talabijin ido ana ƙwallon Benfica ko Porto, mai kawo abinci yana yi musu yarensu, to nan za ku zauna.

Ka riƙe kifi. Abin alfaharinsu shi ne bacalhau, wanda akasarinsa daga Norwe ake kawo musu, inda busasshen kifin nan okporoko na kasuwar Sabon Gari yake fitowa. Bambancin kawai nasu an cika shi da gishiri kafin a busar, sai ya kwana ɗaya ko biyu a ruwa ana sauyawa kafin ya dafu. Ka nemi wanda ake kira à Brás: an yayyaga kifin, an soya da albasa da dankalin Turawa da aka yanka siri-siri kamar tsinken ashana, aka fasa ƙwai aka juya, aka yayyafa 'ya'yan zaitun a sama. Yana zuwa da tururinsa, ruwan ɗorawa, da danshi-danshi. In akwai gasasshen sardin, wanda ba a sa masa komai sai gishiri da wutar gawayi, shi ma kada ka bar shi. Za ka ji suna kiran zaitun azeitona, mansa azeite. Larabci ne ya rage a bakinsu tun zamanin da Musulmi suka mulki ƙasar.

Inda na yi tuntuɓe kuwa a miya ne. Ana ce mata caldo verde, ta dankalin Turawa ce da ganye da aka yanka kamar zare, kore shar. Na ce ai ganye ba ya cutar da kowa. Na sha ta kusan rabi, sai cokali ya ɗago wani jan yanka mai kamar kwabo daga ƙasan kwano. Chouriço ne, tsiren hanji na naman alade. Na ajiye cokali, na kurkure baki, na yi istigfari. Mai wurin ya yi ta ba ni haƙuri, alhali laifina ne, tunda ban tambaya ba. To ka haddace waɗannan: porco, chouriço, presunto, toucinho da banha duk alade ne ko kitsensa, vinho kuma giya ce, suna zuba ta a girki kamar yadda mamanka ke jefa daddawa. Bifana burodi ne da alade a ciki.

Har alheira, wadda ita ma tsiren hanji ce, kada ka yarda da ita. Yahudawan da Sarki Manuel ya tilasta wa shiga Kiristanci a 1497 ne aka ce sun ƙirƙiro ta da kaza da burodi, suna rataye ta don maƙwabta su zaci alade suke ci. Yau yawancinta da aladen ake yi. Espetada ta mutanen Madeira naman sa ce a tsinke, tsire dai, amma ka tambayi yankan.

A al'adarsu ana ajiye burodi da zaitun da cuku a tebur ba ka nema ba. Ba kyauta ba ne, abin da ka taɓa zai shiga lissafi, don haka ka tausaya wa aljihun abokinka, shi ma ɗalibi ne.

A ƙarshe ku ci pastel de nata, ɗan kek mai ɓawo da haɗin ƙwai da madara a ciki, da ɗuminsa, da garin kirfa a kai. Shagon da ya fito da sunansa yana Belém a Lisbon tun 1837. Ka tambaya ko da man shanu aka yi ɓawon.

Mamanka ta ce ka taho mata da gwangwanin sardin biyu na cikin man zaitun, daga shagunan titin nan, tana so ta gwada da wanda ake sayarwa a bakin layi. Allah ya yi maka albarka.

Naka,
Baba