Rahoton ayyukan shekarar 2024 ga 'yan ƙungiyarmu ta masu shaguna, Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana.

Tarukan wata-wata duk an yi su, ban da na azumi.

Babban aikin bana shi ne haɗa shagunanmu a kan intanet ɗaya. Mun bar sayen rauta, na'urar raba intanet, kowa da tasa, muka ɗauki kamfani guda: su kawo na'urori, su girka, su sa ido daga ofishinsu, wadda ta lalace su canza, mu kuma mu biya duk wata.

Ranar buɗewa, alhamdu lillahi, ta wanke mana zuciya. Rumfa ta cika har bakin titi, iyayenmu mata suka kawo koko da ƙosai tun da sassafe, liman ya yi addu'a. Na ga wani dattijonmu mai sayar da yadi, wanda ya fi kowa jayayya da shirin, ya gyara tabarau ya tura wa ɗansa na Ankara hoton rasit da hannunsa, yana ta cewa "har ya isa?" Masu MoMo, wato tura kuɗi ta waya, da masu buga takardu suka yi aiki har magariba ba yankewa.

Masu cewa kwamiti ya ci kuɗi saboda yankewar intanet ta ranar 14 ga Maris, ku ji tsoron Allah. Wayoyin ƙarƙashin teku ne suka tsinke, Ghana da maƙwabtanta duk suka shiga ciki. Ina namu hannun a nan?

Bene na sama bai samu layi ba, haka ne, batirin da zai riƙe na'urori lokacin dumso, wato ɗaukewar wuta, ma ba mu saya ba. Dalili kuwa, da dala aka ƙulla yarjejeniyar. A Janairu dala tana wajen sidi 12, zuwa Nuwamba ta haura 16, kuɗin wata kuwa ba mu ƙara wa kowa ba. Ga wasunku sun fi wata huɗu ba su ba da ko pesewa ba, taro ba sa zuwa, amma da layi ya yi sanyi su ne na farko a kira.

Kayan nan haya ne, ba namu ba. Sau biyu ma'aji yana cikawa daga aljihunsa don kada a yanke mu, ni kuma na gaji da bin shago-shago da littafi. Wanda bai biya bashinsa ba kafin ƙarshen Janairu, za mu canza lambar sirri ba tare da shi ba.

Sakatare